Ɗakin Kajin Malam Yusufu

Ni na fara ɗaga hannu a taron, kamar kullum. A kwamitin unguwarmu ba a rufe magana sai Munir ya sa baki, ko da bai san kanta ba.

Shekara uku ke nan da kafa kwamitin, tun da masu gidajen Suleja suka gano cewa manyan ma'aikatan Abuja sun fi mu maiƙo. Yau a sayar da gida, gobe a fasa ɗakuna a sa tayil, jibi ka ga iyali da katifu a bakin kwalta. Aikinmu mu tari abin kafin ya kai nan. Mu roƙi mai gida ya ƙara wa'adi, in ya ƙi mu nemo wa mutane inda za su raɓa. Dokarmu ɗaya ce: ba a faɗin sunan iyalin, wanda ya kawo maganar ne kaɗai ya san su. Ni na kawo dokar, kuma na daɗe ina yi wa kaina kirari a kanta.

Ran nan Esta ce ta miƙe, malamar firamare mai riƙe da ɓangaren mata. Ta ce mata da miji ne da yara huɗu. An sayar da gidan da suke haya, takardar tashi ta kai wata uku a hannun matar, wa'adi kuma Asabar mai zuwa. Sabon mai gidan ya ce ko kwana ɗaya ba zai ƙara ba.

Na ce, "Maigidan fa, me ya yi a kai?"

"Bai sani ba," in ji Esta.

Kai jama'a! Nan fa bakina ya samu abin ci. Na ce wane irin sakaran namiji ne za a sayar da rufin da ke kansa yana sharar barci? Ni nan direba ne a wata ma'aikata a Abuja. Tun da kuɗin mota ya hau, Litinin zuwa Juma'a a ofis nake kwana, Asabar ina kwamiti, Lahadi ina majalisa, amma ko cokali ne ya faɗi a gidana sai na ji ƙararsa. Matata Ikilima ta san tsarina. In ta ce, "Baban Mardiyya, akwai magana," na ce in ba gobara ba ce ta jira in huta, shi ke nan, sai ta ja bakinta. Mai gidan da muke haya kuwa, don tsabar ganin girmana, har fenti ya turo aka yi wa bangonmu kwanan nan ban roƙa ba.

Wuri biyu muke da shi a hannu. Shugabanmu Sama'ila yana da ciki da falo da ɗansa ya bari da aka mai da shi Minna. Malam Yusufu, wani ɗan kwamitinmu, shi kuma yana da tsohon ɗakin kaji a bakin rafi, an share an shafe shi da siminti, amma in rana ta take sai kajin su dawo ta hanci.

Sama'ila ya ce a ba su ciki da falon, tunda damina ta kawo kai ga kuma yara. Na ce sam. A ajiye wannan wa marayu da matan da mazansu suka rasu. Wanda sakaci ya fitar da shi, a kai shi inda wari zai farkar da shi.

Esta ta dube ni, ta ce, "Malam Munir, ka bi a hankali. Yaran ba su yi laifin komai ba."

Raina ya ɗan sosu da batun yaran, ba zan ɓoye ba, nawa ma huɗu ne. Amma mutuminku ya riga ya hau dokin zuciya, ga mutane suna gyaɗa kai. Na kawo karin magana uku, na buga benci. Aka ɗaga hannu, na ci da ƙuri'a biyu. Har na ɗora da cewa ni zan jagoranci kwashe kayan, don in ga idon mutumin nan in wanke shi tas.

Satin nan oga ya riƙe ni har daren Juma'a. Ikilima ta kira ya fi sau goma, na tura mata saƙo cewa ina da aikin al'umma a gabana. Safiyar Asabar daga tasha na wuce wurin kwamiti kai tsaye, na tarar da akori-kura da matasan kwamiti a baya. Na shige gaba, Esta tana nuna wa direba hanya.

Muka bar kwalta, muka bi ta bayan masallaci. Na ce ashe ma na kusa da ni ne, lalle yau zai ji a jikinsa. Muka wuce mai nika, muka karya kwana. Ina ta jera kalmomin da zan fara da su, ina gyara zaman hula, har ban lura mota ta tsaya ba.

Esta ta leƙa ta taga, ta ɗaga murya. "Ikilima, ku fito da katifun! Ga mota, ga kuma maigidan naki na kawo miki, yau dai ya samu lokaci."