Filashin Alhaji Mu'azzam

Wayata ta yi ƙara sau ɗaya ta katse. Alhaji Mu'azzam ne, dillalin raƙuma. Duk Maigatari an san shi, ba ya kiran mutum, sai dai filashin.

Da zai tsallaka Damagaram ya ce mana, "Kira daga waje tsada gare shi. Katina ba zai motsa ba, ku za ku neme ni."

Muna majalisa filashin ɗin ya shigo, nan take na kira shi.

"Alhaji, an sauka lafiya? Ya kasuwa?"

Ya shiga zuba. Na miƙa wa abokina Sabi'u wayar, ya tambaye shi farashin raƙuma ɗaya bayan ɗaya. Ishaƙ mai shayi ya karɓa, ya tambayi lafiyar danginsa kaf.

"Kai, ashe haka kuke ƙaunata!" in ji Alhaji.

Sai layi ya yi ɗif.

Ishaƙ ya ce, "Baba, katinka ya ƙare?"

Na ce, "Nasa dai. In ka tsallaka iyaka da layin gida, ko amsawa ka yi sai an cire maka. Sabi'u, gobe kai za ka fara kira."