Sirdi Ɗaya

Tun kafin Hajo ta fito da tabarmar zance ta ji rurin abin. Ashe gaskiya ƙawayenta suka faɗa: Maharazu, wanda aka sa musu rana bayan Babbar Sallah, ya sayi ƙaton babur a hannun wani Bature mai komawa ƙasarsu.

Ta shimfiɗa tabarmar a ƙofar gidansu da ke Gwammaja, amma bai zauna ba. Yana tsaye yana goge ƙarfen da adikon da ta ba shi, duk ya yi baƙi da mai.

Ya ce, "Hajo, kin gan shi? Tafiyar da raƙumi ke yi a kwana goma, a wuni biyu zai cinye ta. Katsina zan fara, sai Sakkwato, in Allah ya yarda har teku sai na gani."

"Sai yaushe ke nan?"

"Ba zan daɗe ba."

Ta kewaya babur ɗin a hankali, ta dafa wurin zama.

"Malam, sirdi ɗaya na gani."

Ya yi dariyar yaƙe. "Ai ana iya ɗaura wani a baya."

"Ka tambayi Baturen, ko yanzu ka tuno?"

Ya koma goge ƙarfen. Ta tsaya tana jira, tana roƙon Allah a ranta ko ƙarya ce ya yi mata. Bai yi ba.

Ta sunkuya ta naɗe tabarmar da ba wanda ya zauna a kai.