Ƙudajen Kawu Ma'azu

Kawu Ma'azu ya sake kai wa iska mari. "Ga su nan! Baƙaƙen ƙudaje, duk inda na duba suna biye da ni!"

Daga gonar albasa ya taho hankali tashe, bai zame ko'ina ba sai gidan Khairiyya, ɗiyar ƙanwarsa, mai wayar da ake tambaya ta ba da amsa.

Ta rubuta wa manhajar AI kukansa. Amsa ta fito: ɗigo-ɗigo ne da ke yawo a ruwan cikin ido, galibi shekaru ke kawo su. Ba hauka ba ne, ba aljanu ba. In sun ƙaru farat ɗaya, ko ana ganin walƙiya, a garzaya asibiti.

Khairiyya ta tuna da Inna. Irin ƙudajen nan mahaifiyarta ta gani, Kawu ya sa aka ɗaure ta da igiya ana banka mata hayaƙi. Har ta rasu, mahaukaciya ake ce mata a garinsu Goronyo.

Kawu ya nuna wayar. "Mi tac ce, ɗiyata?"

Ta kife wayar. "Ciwon Inna ne, Kawu. Kai ka san maganinai."

Ta leƙa zaure, inda maza suke zaune. "Ku kawo igiya!"