Ɓerayen Wurin Aikina

"Ke kika kwaso mana ciwon nan," in ji uwar mijina, tana nuna kumburarren cikin ɗana. "Kullum kina cikin ɓeraye a wurin aiki, me za ki haifa?"

"Mama, hantarsa ce ke tara sukari ta kasa saki. Gado ne. Ko a ɓerayen bincikenmu, ba ya fitowa sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi."

"Ƙarya kike. Ni da maigidana, ga shi nan zaune, an gwada mu. Lafiyarmu ƙalau."

"An gwada ɗanki ma. Yana ɗauke da shi."

Surukina ya ajiye kofinsa, ya dubi matarsa.

"To a wurin wa ɗan namu ya gada?"