Faifai Goma na Baba Anyosisye

Faifai ashirin da uku ne jibge a kan teburin Baba Anyosisye, kuma ranar Juma'a ake jiran goma daga cikinsu.

Shekara goma sha shida ke nan gidan rediyon bishara na garin Tukuyu yana karanta zaɓin Baba a jajibirin sabuwar shekara: faifan waƙoƙin yabo goma da suka yi fice. Ƙungiyar mawaƙan da sunanta ya fito, har biranen Mbeya da Iringa ake gayyatarta. Wadda ba ta fito ba, sai ta koma ta ci gaba da rera wa 'yan ƙauyensu. Ba a jayayya da kunnen Baba. Ko fastoci, da ba su cika yarda wani ya fi su sanin abin da Allah yake so ba, in aka zo nan bakinsu mutuwa yake yi.

Bana kuwa ga Laraba ta yi, takardar tana nan fara fat.

Tun da aka binne matarsa Tusajigwe a watan Satumba yake haka. Ba kuka, ba fushi. Ya tashi, ya sha shayi, ya zauna. Ruwan Disamba na zuba a kan ganyen ayaba, shi dai ido ne nasa. Wayarsa, wadda da ma matar ce ke ɗauka, sai ta yi ta haske a kan tebur har ta gaji.

Faifan kam yana sa su kullum. Ya murɗa ƙara zuwa daidai ɗigon jan farcen da Tusajigwe ta yi a jikin na'urar, ya ba lasifika baya kamar yadda ya saba, ya fuskanci 'yar kujerarta ta tsuguno. Mutanen gari sun daɗe suna labarin wannan zama nasa, wai gwani ba sai ya kalli inda sauti ke fitowa ba. In ya waiga ya ga faifai ya ƙare, ya sa wani. Bai rubuta ko harafi ba.

Da hantsi sai ga Subilaga, mai gabatar da shirin, tsaye a gabansa da lema tana ɗiga.

"Baba, sau huɗu ina sallama. Wayar ma kamar rijiya ka jefa ta."

Ya tsura wa bakinta ido har ta gama. "Hankalin ne ba ya jikina, 'yata."

"Na sani, Baba. Amma manaja ya ce in jibi ta yi babu, zai bar wa jama'a su zaɓa ta saƙon waya. Ka ga ke nan wanda ya fi yawan dangi shi zai ci."

Ya tashi ya shiga kicin, ya fito da tire cike da wake.

"Zauna can, taya ni tsinta. Tsakuwa ta kusa raba ni da haƙoran da suka rage."

"Ni da na zo karɓar takarda, sai a haɗa ni da wake?"

"Takardar na zuwa."

Ta zauna a kujerar marigayiya, tana ɗan jin nauyi. Ya shiga sa faifan, waƙa bibbiyu daga kowane. Hannun Subilaga akwai sauri. Manyan ƙungiyoyin birni suka wuce da gangunansu da kiɗan jita, tana kaɗa kai, tana buga ƙafa, wani lokaci ta bi amshi, yatsu kuwa na ta aikinsu. Tsakuwa na taruwa a gefe. Baba yana kallo, biro a hannu, ba ya jin komai a ransa sai wata gajiya.

Na goma sha tara ko hoto babu a jikinsa, da biro aka rubuta sunan: matan wata 'yar majami'a a ƙauyen Lufilyo. A waƙa ta biyu hannun Subilaga ya tsaya cak a cikin waken, da tsakuwa tsakanin yatsunta. Ba ta jefar ba, ba ta ɗago ba, har waƙar ta ƙare. Sannan ta ja hanci ta ci gaba.

Baba ya sunkuya ya rubuta.

Da aka gama sauran huɗun, ya miƙa mata takardar. Ta duba gaba, ta duba baya.

"Sauran taran fa?"

"Bana ɗaya ne."

"Za a ce ka yi tsanani, Baba."

"A ce. Ki kuma gaya wa manaja, baɗi ya ba masu wayar. Ni na sauka."

Ta yi magiya, ya girgiza kai. Ta ninke takardar ta sa a jaka. "Ni dai ban ce maka uffan ba, amma wannan ɗin ce ta taɓa ni. Kunnen nan naka, Allah ya bar mana shi." A bakin ƙofa, tana buɗe lema, ya ga gefen kumatunta na motsi. Ya ce amin, don yawanci ita ce amsar.

Ya ɗauki tiren ya ɗora a kan 'yar kujerar, ya koma mazauninsa. Da Tusajigwe ce, da hannunta ya tsaya sau goma, ko fiye, har ya rasa na zubarwa. Shekara bakwai ke nan zazzaɓi ya tafi da jinsa gaba ɗaya, ba wanda ya sani sai ita, kuma duk abin da Tukuyu ke kira kunnen Baba, inda hannunta ya tsaya a cikin wake ne yake rubutawa.