Ɓarawon Cikin Rumbu

Hannunsa ya tsaya cak a daidai inda, a cikin fim ɗin, matar wani manomi ta cusa wani ƙato tsirara cikin gangar garin alkama, mijinta yana buga ƙofa.

Aikinsa ke nan a wani ɗakin tace finafinai da ke unguwar Al Quoz, can ƙasar waje: datse batsa daga tsofaffin finafinan barkwancin Turawa, waɗanda aka gina kan tatsuniyoyin ƙauyukansu. Da albashin yake karatun digiri na uku, ya rubuta kundi mai kaurin bulo kan magana guda: tatsuniyar Bahaushe makarantar kunya ce, ta Bature kuwa makarantar iskanci. Jibi zai kare shi gaban malamai.

Sai dai ya san wannan labarin. Kakarsa ce ta ba shi, kuma shi ne ginshiƙin kundin: matar kirki ta kulle ɓarawo a rumbu har mijinta ya dawo.

Ya kira kakar tasa a waya can Gaya, ransa a ɓace.

"Hajiya, Turawa sun sace tatsuniyarki, sun ɓata ta. Ɓarawon rumbun nan sun mai da shi kwarto."

Ta yi dariya har da tari.

"Haba mai gidan, ko kaciya ba a yi maka ba lokacin. Me kake so in ce?"

"Ai ɓarawo kika ce!"

"Na kuma ce mijin ya tsinci wandon mutumin a ƙarƙashin gado. Duk bokon nan naka, ba ka taɓa tambayar wane ɓarawo ne ke tuɓe wando kafin ya yi sata ba?"