Jar Atamfa a Zanen Gado

Sallau, zauna mana, ka ishe ni da kai-kawo. Sau uku ke nan ka zo mini a satin nan, kullum da sabon shiri a kan ɗakin marigayi mahaifinka. Shekaranjiya ka ce fenti, jiya ka ce a fasa taga, yau kuma siminti za ka shafe ginin ƙasa da shi, wai don baƙin Sallah su gani. To, ajiye makullin motar nan ka ji wani misali.

An yi wata malamar makaranta mai sha'awar haɗa ƙyallaye. Ba sana'arta ba ce, ba ta taɓa sayar da ko ɗaya ba. In ta taso daga aiki sai ta jawo keken ɗinki, ta yanka ragowar yadi gida-gida, kowane gida kamar faɗin faifai, ta jera ta ɗinke har ya zama zanen gado. Hannunta yana da kyau, wannan kam ba a musu. Aibinta ɗaya, ba ta iya barin abu ya zauna yadda yake. Da mahaifiyarsu ta rasu aka raba zannuwanta tsakaninta da ƙanwarta mai aure a wani gari mai nisa. Ƙanwar ta tattara nata kason ta miƙa mata, ta ce a haɗa su wuri ɗaya a yi zanen gado, in ta zo Sallah su shimfiɗa su zauna a kai kamar da. A cikin zannuwan akwai wani farin saƙi mai ratsin baƙi, wanda uwar ta goye su da shi su biyun. Shi malamar ta sa a tsakiya.

Kafin azumi ya raba ta gama gida arba'in da takwas, ta haɗe su tsaf. Da a nan ta tsaya da ba ka ji labarinta ba. Amma sai ta shimfiɗa shi a tabarma ta yi ta zagaya shi, ta duba ta nan ta duba ta can, ranta ya ƙi kwanciya. Zannuwan tsohuwa ne, sun sha wanki sun koɗe, ita kuwa so take ƙanwarta ta shigo ta riƙe baki. Sai ta shiga kasuwa, lokacin kuwa 'yan yadi sun baje kayan Sallah, ido ba ya hutawa. Ta sayo koriyar atamfa ta yi masa baki, kwana biyu ta farke. Ta koma ta sayo ruwan ɗorawa, shi ma ta farke. Ta bar girki a wuta ya kama, ta saka zare a allura ta zare, mijinta har ya daina tambaya. Ana saura kwana uku Sallah ta hango wata jar atamfa a rataye, ja wur, ta ce ai ita take nema tun farko. Mai shagon dattijo ne, yana naɗe mata ya ce, "Hajiya, wannan sai kin jiƙa ta da gishiri ta kwana, tana zuba." Ta ce ta sani.

Ta kuwa sani, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Duk mai haɗa ƙyallaye ya san ba a gama sabon yadi da tsoho sai an wanke sabon ya zubar da abin da zai zubar. Ita da bakinta ta sha faɗa wa mata haka. Amma jiƙawa kwana ɗaya, shanya rabin wuni, ita kuma hannunta na ƙaiƙayi. Tana isa gida ta sa almakashi. Ba baki kaɗai ta yi da jar ba, sai da ta farke tsakiya ta ratsa ta tsakanin gida da gida, ta kewaye farin saƙin nan da ita ta kowane gefe. Ya yi kyau kuwa, ba zan yi maka ƙarya ba. Ranar jajibiri da hantsi ta ga allin awo da dattin hannu a jikin zanen gadon, ta ce bari ta ɗauraye. Tana tsoma shi a baho ruwan ya koma kamar zoɓo. Ta tsame da sauri, ta canja ruwa, ta sa sabulu, ta matsa lemun tsami, ta sake canja ruwa. Ina! Tsohon zane ya fi kowane yadi shan rini. Da ya bushe, gida arba'in da takwas ɗin nan duk sun zama launi ɗaya, ja-ja mai dabbare, sabuwar atamfar kuma ta tsuke ta tattare ɗinkin.

Ranar Sallah ƙanwar ta iso, ko mayafi ba ta cire ba ta ce a fito da shi. Aka shimfiɗa. Ta durƙusa tana bin gidajen da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta kai ƙarshe ta sake dawowa. Can ta ɗago ta ce, "Yaya, ina zanen goyon Inna?"

Malamar ta ce, "Ga shi nan ƙarƙashin hannunki."

Atamfa tana nan cike da kasuwa har gobe, Sallau, amma wanda ya gina ɗakin nan da hannunsa ba zai dawo ya sake gina maka ba. Tashi ka je ka yi tunani, don Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce garin neman gira aka rasa ido.